Ƙodar Papa Hosea

Shafi na 17

Na ga saƙonninku. Wata har tambaya ta yi ko na mutu ne. Ban mutu ba. Jiya ranar wankin ƙoda ce, in na sauko daga kan na'urar nan ko cokali ba na iya riƙewa, balle waya. Wanda yau ya fara zuwa: sunana Dontrell, shekarata ashirin da biyu, ƙodojina sun daina aiki shekara biyu da suka wuce. Sauran za ka tsinta a hanya.

*

A lokacin da abin nan ya faru, sati uku ke nan da kakana, Papa Hosea, ya je asibitin dashe a Houston aka ɗebi jininsa, don a ga ko zai iya ba ni ƙoda ɗaya.

Sati ukun nan bai tsokane ni ba ko sau ɗaya.

Wanda ya san shi ya san ba ƙaramin abu ba ne. Mutumin da tun ina rarrafe yake ce min Gwamna, wai don ba na gaida kowa sai an gaishe ni. Yanzu sai "Dontrell, miƙo wuƙa." "Dontrell, ƙara ice a wuta." Shi ke nan.

In na tambaye shi maganar asibiti, amsa ɗaya ce.

"Ba su kira ba."

Ranar Alhamis da rana muna bayan shagonsa na gashin nama. Yana tsaye gaban murhun banda yana juya naman ƙirjin saniya, ni kuma ina kan bokiti ina tsotsar ƙanƙara, don ruwan shan da likita ya yanka min na ranar ya kusa ƙarewa. Sai ga kakata, Mama Ozella, ta fito ta ƙofar baya. Tabarau a hanci. Takardu biyu a hannu.

"Hosea Tolbert."

In ta haɗa sunansa da na gidan, har karen maƙwabta yakan yi shiru.

Bai juyo ba. "Ina aiki, Zella."

"Na shiga motarka neman almakashina."

Hannunsa ya tsaya.

"Wa ya ce ki buɗe min aljihun mota?"

"Shekara arba'in da shida ina buɗe maka aljihun wando, na mota ne zai gagare ni? Juyo ka dube ni."

Ya juyo. Bai dube ta ba. Ni ma bai dube ni ba.

Ta buɗe takarda ta farko, ta karanta a hankali, irin karatun da take yi a coci. Wai lambar tacewar ƙodarsa ta fito hamsin da bakwai. Wai sun kira shi sau shida bai ɗaga ba. Wai don Allah ya neme su.

Na san lambobin nan kamar sunana. Tawa shida ce. Na kuma san in mai bayarwa bai kai sittin ba, ko maganar ba a farawa.

Na tauna ƙanƙarar bakina.

"Wasiƙar nan kwananta goma sha biyu," in ji Mama. "Kana kallon yaron nan kullum kana ce masa ba su kira ba."

Papa ya ajiye babban cokalin ƙarfen. Ya zauna a kan tarin ice. Mutum ne ƙato, yana da shekara sittin da takwas amma har yau shi yake faskara da kansa, damtsensa ya fi cinyata. Ranar nan dai sai na ga ya ƙanƙance.

"Yarinyar asibitin ta kira ni washegari," ya ce. "Ta ce hamsin da bakwai. Na ce nawa ake so. Ta ce ƙasa da sittin ba a ɗauka. Sai ta ce amma. Ni kuma na kashe wayar."

"A kan amma ka kashe?" in ji Mama.

"Na san abin da ke biye da amma. Amma ka yi haƙuri. Amma Allah ya sa haka ya fi alheri. Na sha jin su."

"Shi ne ka yi ta kumbura kai kaɗai kamar ƙullin burodi."

"To me zan ce masa, Zella?" Ya nuna ni da haɓa. "In ce masa na je ciro shi daga rami, ashe ni ma ƙafata ɗaya tana ciki? Uwarsa an cire ta saboda ciwon suga. Ke an ce hawan jini. Ni kaɗai na rage. Na buga ƙirji a gaban coci na ce tawa zan ba shi."

Ya goge fuska da tawul ɗin kafaɗarsa.

"Kuma bayan duk shirin da na yi."

Mama ta ɗago kai. "Wane shiri?"

"Shirin gwaji mana. An taɓa zuwa gwajin jini da jini salam? Babana in zai ba da jini, kwana uku yake yi yana cin hanta. Ni sati guda na yi. Safe, rana, dare."

"Shi ne satin da ka daina cin wakena."

"Wake ba ya gina jini."

"Ranar gwajin fa?"

"Ranar na fi ƙoƙari. Na tafi da ƙirji a cikin kula. Na isa da wuri, na zauna a wurin ajiye motoci na cinye. Da haƙarƙari biyu. Na shiga ina jin ƙarfi kamar in ɗaga asibitin." Ya girgiza kai. "Duk da haka hamsin da bakwai. Da ban ci ba da nawa zai fito? Talatin?"

Mama ta gyara tabarau. Ta ɗaga takarda ta biyu. Wannan ko buɗe ta ba a taɓa yi ba, ita ce ta yage bakin ambulan ɗin da almakashin da ta je nema.

"Wannan suka aiko maka kafin ka tafi. Ka karanta?"

"Ban ga tabarauna ba ranar."

"Layi na uku." Ta gyara murya. "Kada ka ci nama kowane iri tun daga safiyar jajibirin gwajin, domin yana iya sa sakamakon ya fito ba daidai ba."

Wuta tana ƙara a cikin murhu.

Papa ya buɗe baki. Ya rufe.

"Sake karantawa," ya ce.

Ta sake.

Ni ne na fara. Ban yi niyya ba. Wani abu ne ya taso min daga ciki, ƙanƙarar ta kusa fita ta hancina. Rabona da dariya irin wannan tun kafin a haɗa min jijiyar wankin ƙoda a hannu. Mama ta dafa ƙofa tana yi har tabaranta ya zame.

"Ku yi," in ji Papa. "Ku yi ku ƙoshi. Gwamna, kai ma?"

Gwamna.

Ya dawo.

*

Nan take Mama ta sa shi ya kira. Ta ƙwace wayar ta buɗe muryar yadda kowa zai ji, ta ɗora a kan katakon yankan nama.

Nas Yolanda ce ta ɗauka, ita ce mai kula da masu bayar da ƙoda.

"Mista Tolbert. Ashe kana raye."

"Ina nan, 'yata. Aiki ne ya yi yawa."

"Ƙarya yake," in ji Mama.

"Na ji kamar akwai mutane kusa da kai. Maganar nan taka ce kai kaɗai. In ba ka yarda ba, ba zan yi ta a gaban kowa ba, har shi jikan naka."

"Yi kawai. Matata ta riga ta karance min komai, har da wanda ni ban karanta ba."

"To. Ranar da ka kashe min waya, tambaya ɗaya zan yi maka. Me ka ci kafin a ɗebi jinin?"

Papa ya dube mu. Mama ta harɗe hannu.

"Ɗan nama."

"Ɗan nawa?"

"Gaya mata, ƙato," in ji Mama. "Gaya mata har haƙarƙarin."

Ya faɗa. Duka. Har da hantar babansa.

Sai muka ji kamar nas ɗin ta rufe bakinta da hannu.

"Ki yi," in ji Papa. "Kowa ya yi, ke kaɗai kika rage."

Da ta dawo hayyacinta ta yi masa bayani. Wai wancan gwajin kintace ne. Akwai wani datti da tsokar jiki take fitarwa, ƙoda ke share shi, shi ake aunawa a jini a lissafa. Mai ƙaton damtse yana fitar da shi da yawa ko ƙodarsa lafiya lau take. Dafaffen nama kuma cike yake da shi.

"Ka ga kai ka haɗa biyun. Ka zo mana da tsokarka, ka ƙaro ta saniya."

"Ke nan ƙodata ba ta mutu ba?"

"Ban ce ba, ban kuma ce ta mutu ba. Ban sani ba tukuna. Shi ya sa nake nemanka. Mutum mai shekarunka dama ba ma tsayawa a kan kintace, sai mun auna na gaske. Alhamis mai zuwa, bakwai na safe. Awa biyar za ka yi. Kwana biyu kafin nan babu nama."

"Sati guda," in ji Mama.

"Kwana biyu ya isa, Misis Tolbert."

"Na ji. Sati guda."

*

Ban taɓa ganin azaba mai daɗin kallo irin wannan ba.

Mutum ya kwana ya tashi cikin hayaƙin nama, shekara arba'in, a ce ko gefen wuƙa kada ya lasa. Da yatsa yake danna ƙirjin ya ji ko ya nuna. Da hanci yake ɗanɗana. In ya yanko ɓawon nan baƙi na gefe, wanda ya fi so, sai hannunsa ya kama hanyar baki da kansa.

"Hosea."

Hannun ya juya ya nufi bakin Mama.

"Gishiri ya ji?" ya tambaya, ido a kan laɓɓanta.

"Ban tabbata ba. Ƙaro."

Gari ya ji labari, don Mama ta ba da shi a taron mata ranar Lahadi wai a matsayin roƙon addu'a. Masu saye suka riƙa zuwa da tsokana. Wani dattijo ya kawo masa karas a cikin leda ya ajiye a kan kanta, ya fita.

Da yamma kuwa wake da shinkafa. Kuɓewa. Ganye da aka dafa ba ko ƙashi a ciki. Burodin masara.

"Wannan ganyen maraya ne," in ji shi.

"Ci."

Ya ci. Har ya ƙara, yana zaton ba mu gani ba.

*

Ranar Alhamis ni na raka shi.

Ɗakin ƙarami ne, kujera irin wadda na sani, mai kwanciya baya. Suka sa masa allura a hannun dama suka tura wani ruwa fari kamar na famfo. Suka sa wata a hagu suka bar ta a ciki. Nas ɗin ta ce daga nan za su riƙa ɗiban jini lokaci-lokaci, su ga saurin da ƙodojinsa ke kwashe ruwan nan daga jiki. Wannan ba ruwansa da damtse, ba ruwansa da saniya.

Lokacin da allurar ta shiga, Papa ya kalli silin yana motsa baki.

"Addu'a kake?" na ce.

"Ƙirga fitilu nake."

"Guda biyu ne."

"Rufe min baki."

Awa ɗaya ta wuce. Ya gyara zama sau goma. Ya karanta duk abin da ke bango. Ya tambayi nas ko tana da miji, da ta ce eh, ya tambaya ko mijin ya iya gashi.

Awa biyu. Aka ɗebi jini.

Ya dubi hannunsa, ya dubi nawa, inda jijiyar ta kumbura ta yi tudu-tudu saboda huji.

"Wannan kake yi sau uku a sati?"

"Tawa allurar ta fi kauri."

"Awa nawa?"

"Huɗu."

Ya san amsar. Shi yake kai ni wani lokaci. Amma a mota yake jira yana jin rediyo, bai taɓa zama a kujerar ba.

Ya kawar da kai. Ni ma.

Ban san me ya sa na faɗa ba. Wataƙila don ba zai iya tashi ya bar ni ba.

"Papa."

"Na'am."

"Da Mama ta karanta hamsin da bakwai ɗin nan, kafin dariyar, daɗi na ji."

Ya juyo da kai a hankali.

"Daɗi."

"Na ce shi ke nan, ba za su yanka ka ba."

"Kai ba ka so?"

"Ina so. Kullum ina so. In na ga mutum ya ɗaga kofi ya shanye ruwa bai ƙirga ba, ji nake kamar in mare shi." Na kalli ƙasa. "Amma shekararka sittin da takwas. In suka cire ɗaya, ɗayar ta gaza fa? In na sauka daga kujerar nan kai ka hau, me aka yi?"

"Shi ne kake ta ɗaure fuska wata uku."

"Haka fuskata take."

"Wannan kam gaskiya ne. Ta kakarka ka ɗauko."

Ban yi dariya ba. Ya ga ban yi ba.

"Matso."

Na matso da kujera.

"Kana ganin mutanen nan wasa suke? Sun ɗaura min abin awon hawan jini na kwana da shi. Sun sa ni gudu a kan na'ura kamar ɓera. Sun sa na tara fitsarin yini guda a jarka, kakarka ta hana ni sa shi a firjinta. Wata mata ta kulle ni a ɗaki ta tambaye ni sau uku ko wani ne ya matsa min. Na ce mata matata tana matsa min a kan komai, ban da wannan." Ya ɗaga hannun mai allura kaɗan. "Yau ga wannan. Duk neman dalilin da za su ce min a'a suke yi. In suka rasa, to babu shi ne."

"In suka samu fa?"

"Sai in haƙura. Wannan karon zan tsaya in ji abin da ke bayan amma."

Nas ta shigo da kwalabenta. Awa uku.

Da ta fita ya ce, "Kuma ka daina ɗaukar min tsoro. Ina da nawa. Kowa ya riƙe nasa."

*

Bayan kwana shida suka kira. Ya ɗaga tun ƙarar farko. Suka ce Dakta Barrientos, likitar da ke duba masu bayarwa, tana son ganinsa. Ya ce da iyalinsa zai zo, a tanadi kujeru.

Mama ta sa hular coci. Papa ya sa kwat ɗin da ya yi masa kaɗan a kafaɗa.

Likitar 'yar ƙaramar mace ce mai furfura a gaba. Ita ma ta tambaye shi ko ya yarda mu zauna. Ya ce eh. Ta juyo da allon kwamfuta wajenmu.

"Mista Tolbert, na ji labarin karin kumallonka."

"Har nan ya zo?"

"Har ɗalibaina na ba wa. Ban faɗi suna ba."

"Faɗi," in ji Mama. "Da sunan shagon."

Likitar ta yi murmushi. Ta sa biro a kan lamba.

"Tamanin da shida."

Muka zuba wa allon ido.

"Wannan awo ne, ba kintace ba. Mun kuma gwada ta wata hanyar daban wadda ita ma ba ta kula da tsoka, ta ba mu kusan haka."

"Tamanin da shida cikin ɗari?" in ji Papa. "A makaranta ban taɓa cin haka ba."

"Ba maki ba ne. Yawan jinin da ƙodojinka ke tacewa ne a minti ɗaya. Kowa tasa tana raguwa kaɗan-kaɗan in ya wuce arba'in. Yawancin sa'o'inka ba su kai nan ba."

Mama ta kama hannuna ta matse, daidai kan jijiyar. Da zafi. Ban janye ba.

Ni na yi tambayar.

"In aka cire ɗaya fa?"

Likitar ta dube ni sosai.

"Wannan ita ce tambayar da nake zaune a kujerar nan dominta. Ni ba likitarka ba ce, Dontrell. Tasa ce. In aka cire ɗaya, wadda ta rage takan ƙara himma. Ba za ta mayar da duka ba, zai tsaya wajen sittin, ko ƙasa kaɗan. Sai in tambayi kaina, wannan zai kai shi ƙarshen tafiya? Da ɗan shekara ashirin da biyar ne ya zo min da wannan lambar, da na yi jinkiri, don shekarun da ke gabansa suna da yawa, ban san me zai same shi ba. Kakanka ya riga ya nuna min. Shekara sittin da takwas, ba suga, jininsa bai hau ba, fitsarinsa ba ya zubar da komai, hoton ƙodojin sumul."

"Ke nan tsufana ne ya cece ni," in ji Papa.

"Wannan karon. Akwai waɗanda tsufan ke ɓoye wa ciwo. Tsohuwa siririya takan zo da kintace mai kyau don ba ta da tsoka, in muka auna na gaske sai ya faɗi, mu mayar da ita gida. Shi ya sa ba na yarda da lambar farko, ta yi kyau ko ta yi muni."

"Haɗari fa?" in ji Mama.

"Akwai. Aiki ne, za a sa shi barci, zai fi yaro daɗewa kafin ya warware. Wata shida zuwa shekara biyu muna bibiyarsa, bayan nan kuma likitansa duk shekara. Sati shida ba faskare."

"Kin ji ko, Zella. Ke za ki yi."

"Ba zan ce muku babu haɗari ba," in ji likitar. "Zan ce kaɗan ne, kuma na yarda in kai sunansa gaban kwamiti ranar Talata da goyon bayana."

Mama ta saki hannuna ta ɗaga nata biyu sama. "Na gode maka, Ubangiji." Ta fara wata waƙar coci ƙasa-ƙasa, hular tana rawa.

Papa ya miƙe. Ya rasa me zai yi. Ya miƙa wa likitar hannu, ya fasa, ya rungume ta har ƙafarta ta kusa barin ƙasa. Kwat ɗin ya yi ƙara a baya.

"Ya yage," in ji Mama, ba ta daina waƙar ba.

"Bar shi ya yage."

Ya juyo kaina. Ya ɗora tafin hannunsa a ƙeyata, mai kaushi kamar ɓawon ice.

"Gwamna. Kofi nawa za ka fara sha?"

Na ɗaga yatsu huɗu.

"Biyar," ya ce. "Ni zan zuba."

Muka yi ta dariya kamar marasa hankali, har wata nas ta leƙo.

Likitar ta bari muka gama. Ba ta rufe fayil ɗin ba.

"Ku ɗan zauna. Saura abu ɗaya. Ba mummuna ba ne."

Muka zauna.

"Na yi magana da likitocin Dontrell. Ƙodar nan lafiyayya ce, amma shekararta sittin da takwas. A jikin mai ashirin da biyu, za ta yi aiki, sai dai da wuya ta raka shi nesa kamar ta matashi. Wata rana zai sake neman wata, kuma wataƙila da wuri."

Waƙar Mama ta tsaya.

"Akwai hanya ta biyu. Musanya. Mista Tolbert ya ba wani dattijo irinsa da ke jira a wani gari, wanda wannan ƙodar za ta ishe shi har ƙarshe. Shi kuma wancan yana da ɗa ko ƙane matashi da ke son ba shi amma jininsu bai dace ba. Sai ta matashin ta zo wa Dontrell."

"Sai yaushe?" na ce.

"Ban sani ba. Wata biyu, wata takwas, wani lokacin ya fi. Kana kan na'ura har a samu. In kuwa tasa kai tsaye ce, ina da gurbi nan da sati biyar."

Sati biyar.

Na ƙirga ba da sona ba. Wanki goma sha biyar.

Papa ya daɗe yana kallon lambar nan a allo.

"Ke nan tawa ta tafi jikin wani da ban taɓa gani ba."

"Eh."

"Wanda wataƙila ko gashi bai iya ba."

"Wataƙila."

Bai yi dariya ba. Ya murza gwiwarsa.

"Ni a raina, tun farko, a jikin yaron nan na ajiye ta. In ina faskare in ce wani ɓangare nawa yana can yana shan ruwa." Ya numfasa. "Amma ba don in ji daɗi na zo ba."

"Kafin Talata nake son sani," in ji likitar. "Kwamiti zai tambaye ni wace hanya."

Papa ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya, har gwiwarsa ta taɓa tawa.

"Ni dai ta fita, wannan an gama. Inda za ta kwana, kai za ka faɗa."

Mama tana kallona. Likita tana kallona, biro a hannu.

"Ina jin ka, Dontrell," ya ce. "Tawa, ko ta baƙo?"